Tsatsar Takobin Baba

Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti ya fara tambayar takobinsa. Likita ya riga ya kira 'ya'yansa biyu gefe ya gaya musu gaskiya: ciwon sugan da ya cinye masa ido ya kai ga ƙoda, abin da ya rage sai a kula da shi a gida, a yi masa abin da yake so. Abin da yake so kuwa guda ɗaya ne. A kawo masa takobin da ya gada daga mahaifinsa, ya riƙe shi, sannan ya damƙa wa babban ɗansa hannu da hannu, kamar yadda aka damƙa masa.

Takobin kuwa babu shi. Shekarun baya, da aikin faɗaɗa titi ya ci tsohon gidansu, an kwashe kaya cikin gaggawa. Baba ya riga ya makance a lokacin, yana zaune gidan autarsa. An naɗe takobin a tsohuwar tabarma, aka jingine shi a ƙofar gida tare da ƙarafan gado, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka haɗa da shi suka tafi. Da aka farga aka bi sawu, sai aka tarar motar ta riga ta wuce inda ake narka ƙarfe. Ba wanda ya iya gaya wa Baba. Aka ce masa yana gidan Yaya, babban ɗan nasa, a cikin akwati, ya ce ya yi kyau, can ne ma wurin zamansa.

Yanzu da ya dawo da maganar, sai dabara ta fara ƙarewa. Yau a ce makullin akwati ya ɓata, gobe a ce akwatin yana ƙarƙashin kaya, sai an sami masu ɗagawa. Baba ba ya faɗa. Sai dai duk sanda ya ji takun Yaya a tsakar gida ya ɗaga hannu biyu daga kan gado, kamar wanda za a miƙa wa jariri, in ya ji ba komai ya mayar da su a hankali. Wannan mayar da hannun ne ya fi damun Auta.

Auta tela ce, ita ta gaji keken Baba da shagonsa. Ta taɓa ɗinka wa masu wasan kwaikwayo kaya, a wurinsu ta ji labarin wani maƙeri da ba ya ƙera komai sai takubba irin na dā. Ta gaya wa Yaya. Ya ce ƙarya dai sun riga sun yi ta, gara su yi wadda za ta sa tsohon ya tafi da farin ciki.

Maƙerar tana ƙarshen wani lungu, bayan layin masu walda. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, wuta a can ƙurya, uwar maƙera a tsakiya, bango guda cike da takubba a rataye. A ɗaya bangon an soke kwalaye da ƙusa, kowanne an yanka shi da siffar ruwan takobi. Auta ta gane su nan take, don haka ita ma take rataye kwalayen da take yanka riga da su. Maƙerin dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce kwalayen duk daga takubban gidan tarihi ya auno su, da hannunsa, kuma shi ba ya ƙera abin da mutanen dā ba su ƙera ba, ko da mai saye ya nace.

Suka ba shi hoton da suke da shi guda ɗaya tak: Baba yana saurayi a ƙofar shago, ya zaro takobin zuwa rabi yana dariya. Maƙerin ya kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ya duba ya sake dubawa, ya je ya ciro wani kwali daga bango. Ya ce ya san irinsa. Sannan ya zauna ya fara tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mariƙin, fata aka naɗa masa ko waya? Ƙarfen da ya gitta yana kare hannu, baƙi ne ko an lulluɓe shi da tagulla? Kwarin da ke bin tsakiyar ruwan, ya kai har ƙasa ko ya tsaya a rabi? Bakinsa tsini ne ko an zagaye shi? Kuben fa, wace kala?

A nan suka gane cewa sun girma a ƙarƙashin takobin nan, amma ba su taɓa kallonsa ba. Yaya ya ce kuben ja ne. Auta ta ce baƙi.

"Ke lokacin ma majina kike sha," in ji Yaya.

"Kai da ko kalar rigar da ka sa jiya sai an tuna maka, Yaya."

Maƙerin ya yi murmushi, ya ce duk su biyun suna da gaskiya: jar fata ce da ta daɗe, hannu da hayaƙi suka duhunta ta. Abin da hoto ya nuna ya bi hoto, abin da hoto ya ɓoye ya bi abin da aka saba a zamanin. Da Yaya ya ce kala ba ta da wani muhimmanci tunda mai abin ba ya gani, sai maƙerin ya ajiye hoton ya dube su. Dole Auta ta ba shi labarin duka.

Maƙerin ya ce shi duk abin da ya ƙera yakan buga masa alamarsa a fili, don kada wata rana a sayar wa wani da sunan na asali. Amma wannan zai buga ta a can cikin mariƙi, ƙarƙashin fata, inda yatsa ba zai kai ba. Ya ce bai taɓa yi wa makaho aiki ba, Allah ya sa a dace.

Saura zaɓi ɗaya. Ya buɗe wata durowa ya fito da guntayen ƙarfe uku ya jera a kan benci. Na farko yana sheƙi, kamar ranar da ya fito daga hannun maƙeri. Na biyu ya dushe, ya yi duhu-duhu, amma sumul yake. Na uku tsatsa ta ci shi, ta bar masa ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Ya ce su zaɓi shekarun da suke so takobin ya nuna. Da suka tambaye shi wanne ya fi kama da gaskiya, ya ce a cikin takubban wancan zamani da ya taɓa riƙewa, yawancinsu kamar na ukun suke.

Auta ce ta kawo shawarar su rufe ido, tunda da yatsa Baba zai duba. Suka rufe, suka shafa. Na farko da na biyu ba su da bambanci a hannu, duka sabon ƙarfe ne mai santsi. Na ukun ne kaɗai ya ji tsufa. Yaya ya ce in aka kai wa Baba abu sumul, kafin ya kai tsakiya zai gane jiya aka yi shi. Auta ta yarda. Suka fito daga lungun suna ganin sun yi tunani mai kyau.

Aikin ya ɗauki lokaci. Baba yana ta ramewa, Auta tana roƙon Allah ya kai shi ranar. Ta kan leƙa maƙerar in ta tashi daga shago. Ta ga an buge ruwan, an fitar da kwarin, ta ga baduku ya zo da fatar wata tsohuwar jaka don kuben ya yi warin daɗewa. Daga nan takobin ya ɓace daga kan benci na wasu kwanaki. Maƙerin ya ce yana ƙasa, yana tsufa.

Ranar da aka kawo shi, da hantsi ne. Auta ta tayar da Baba zaune, ta jera masa matasai a baya. Yaya ya shigo da sallama, Baba ya ɗaga hannu biyu kamar kullum, wannan karon nauyi ya sauka a kansu.

Ya jinjina takobin, ya kai kuben hanci ya shaƙa, ya bi ɗinkin gefe da babban yatsa irin na tela. Ya kama mariƙin, hannunsa ya zauna daidai. Fuskarsa ta buɗe, irin buɗewar da Auta ta manta rabon da ta gani.

"Ashe za mu sake haɗuwa," ya ce, ba da su yake ba.

Auta ta dubi Yaya, Yaya ya lumshe ido. Baba ya zare takobin a hankali, ya kwantar da shi a kan cinyarsa, ya ɗora yatsu biyu daga gindin mariƙi ya fara gangarawa. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya koma baya ya sake. Ya juya ɗaya gefen. Murmushin ya tafi kaɗan-kaɗan, har ya ƙare.

"Me ya same shi haka?"

Baba ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ta faɗa ba. Ya ce tun ranar da aka ba shi takobin nan, mako bai taɓa zagayowa bai shafa masa mai ba. Duk ranar da ya zuba wa keke mai, in ya dawo gida sai ya rufe ɗaki ya zare shi ya goge, don kada yara su gani su yi sha'awa su yanke. Mahaifinsa ya ba shi shi kamar madubi, ya kuma gaya masa haka shi ma ya karɓa. Mutum uku ya ratsa hannunsu, tsatsa ba ta taɓa kwana a kansa ba.

Sai a lokacin Auta ta tuna da rufe ƙofar nan, da warin man keke da yakan fito daga ɗakin. Tana yarinya ta ɗauka warin jikin Baba ne kawai.

"A akwatinka ya yi shekarun nan?" Baba ya tambaya, fuskarsa wajen da numfashin Yaya yake.

"E, Baba."

"Ko sau ɗaya ka zare shi ka duba?"

"A'a, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya lalubi bakin kuben ya mayar da takobin, ya ajiye shi tsakaninsa da bango, ya ce a kwantar da shi, ya gaji. Bai damƙa wa kowa komai ba.

Dabarar ta ci, ko kaɗan Baba bai yi shakka ba, abin da ya ɓata komai ke nan. Daga ranar, in Yaya ya gaishe shi yakan amsa da kalma ɗaya, ya juya fuska bango. Ya sa Auta ta kawo masa mai da tsumma, yana kwance yana gogawa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, har tsumman ya suɓuce ya yi barci. In ya farka ya shafa wurin, ya tarar ramukan suna nan. Wata rana Auta ta ji yana cewa a hankali, da wane ido zai dubi mahaifinsa.

Ta tare Yaya a tsakar gida, wajen igiyar shanya, ta ce su gaya masa gaskiya. Ta ce ba za ta iya kallon tsohon nan ya tafi yana riƙe da ɗansa a zuciya ba, a kan laifin da ba a yi ba. Ta ce ita ta kawo maganar rufe ido, ita za ta fara faɗa.

"Ki faɗa masa me?" in ji Yaya. "Yanzu yana fushi da ni, amma yana da takobin ubansa a gefensa. In kika faɗa, ba shi da takobi, kuma 'ya'yansa biyu sun haɗa baki sun yi wa makaho wasa. Wanne kike so ya tafi da shi?"

Ta ce ba ta son ko ɗaya. Ya ce shi ma haka, amma ba a ba su na uku ba.

Washegari ta koma maƙera. Da maƙerin ya ji abin da ya faru, sai ya ajiye gudumarsa ya zauna a kan benci. Ya ce da gishiri da ruwan batir ya jiƙa ruwan takobin, ya binne shi a danyar ƙasa, ya yi ta tonowa yana dubawa har ramukan suka yi yadda yake so. Ya yi aikin da kyau, shi ya sa tsumma ba zai fitar ba.

"Na gidan tarihi na bi," ya ce. "Ban yi tunani ba, 'yata. Waɗancan duk marayu ne, ba mai shafa musu mai. Ban taɓa riƙe wanda yake da mai shi ba."

Ya ce a kawo masa, da inji zai share shi a yini guda. Auta ta ce Baba ba ya bari a ɗaga takobin ko don a gyara shimfiɗa. Sai ya tashi ya haɗo mata duwatsun washi ƙanana da samfefa kala-kala, daga mai kaushi zuwa mai laushi kamar takarda, ya nuna mata yadda ake bi da bi. Ya gargaɗe ta cewa da hannu abin zai daɗe, kuma wasu ramukan sun yi zurfin da sai an ci ƙarfe sosai.

Ta yi niyyar ita za ta yi. Yaya ya karɓe ƙunshin daga hannunta, ya ce a akwatinsa aka ce ya lalace, don haka aikinsa ne.

Yaya ma'aikacin ofis ne, hannunsa bai san abin da ya fi biro nauyi ba. Da ya tashi daga aiki ya zo, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ce, Baba, a ba ni in gwada gyarawa. Can dai Baba ya janye hannunsa daga kan kuben. Yaya ya miƙa ya ɗauka.

Haka aka shiga yi kullum da yamma. Ɗakin ba magana, sai ƙarar dutse a kan ƙarfe da numfashin Baba. Auta tana kawo ruwa a kwano, ta fita da shi ya yi ja. In Yaya zai tafi ya goge takobin, ya mayar kube, ya ajiye inda ya ɗauka. Ba ya kaiwa ƙofar gida Baba ya zare ya shafa. Auta tana gani ta labule, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata yamma, Yaya yana ta murzawa yana zagaye wuri ɗaya, sai Baba ya yi tsaki, fuskarsa na kallon bango.

"Kai, tukunya kake wankewa? Tsawo-tsawo ake bi."

Yaya ya tsaya cak. Ya ce to, Baba. Ya gyara hannu. Auta da ke bakin ƙofa ta koma kicin da sauri, ta tsaya gaban murhu tana share ido da gefen mayafi.

Daga nan maganar ta fara dawowa, amma ta hanyar takobin kaɗai. Ka danna da yawa. Ka bar gefen kwarin, za ka cinye shi. Kawo in ji. A hankali wasu abubuwa suka riƙa biyo baya: yadda mahaifinsa yake zama in zai goge shi, ƙafa ɗaya a miƙe, da yadda shi Baba ya taɓa yankewa yana yaro ya ɓoye hannun cikin aljihu har jini ya tona masa asiri. Ya ce Yaya tun yana ƙarami haka yake, in aka aike shi sai ya tsaya kallon tururuwa a hanya. Yaya ya yi dariya, Baba bai yi ba, amma bai juya bango ba.

Yatsun Yaya suka yi kanta, suka tsage, baƙi ya shiga ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita. Santsi ya fara daga gindin mariƙi yana gangarawa, a hankali ƙwarai. Ciwon ya fi shi sauri. Baba ya daina cin abinci sai ruwa-ruwa, ƙafafunsa suka kumbura, barcinsa ya fi farkawarsa yawa. Yaya ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya koma zuwa tun da safe.

Ran nan da azahar Baba ya farka sarai, ya ce a tayar da shi. Ya karɓi takobin, ya bi shi da yatsu tun daga sama. Ya wuce rabi a kan santsi, sannan ya shiga kaushi, ya bi shi har baki, bai tsallake ko rami ɗaya ba.

"Da saura," ya ce. "Ba zan ji ƙarshensa ba."

Ya mayar da shi kube da kansa, ko da yake sai da ya yi ta laluben bakin. Ya ce Yaya ya matso ya kawo hannu. Ya riƙe hannun ya shafa tafin, ya bi yatsun ɗaya-ɗaya, ya tsaya a kan tsagar da ke babban yatsa. Sannan ya ɗora takobin a kai, ya haɗa da ɗaya hannun ya danne.

"Na so in ba ka shi yadda aka ba ni. Allah bai nufa ba. Ni ma da laifina, da na tambaya tun da wuri. Na yafe maka. Kada ka sake barinsa."

Auta ta buɗe baki. Yaya ya ɗago ya dube ta, idonsa jawur, ya girgiza kai kaɗan. Ta rufe.

"Ba zan sake ba, Baba," ya ce.

Baba ya rasu bayan 'yan kwanaki, da safe, Auta tana goge masa fuska da ruwan ɗumi. Fuskar a sake take, ba alamar damuwa.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, Yaya ya zo ɗaukar takobin. Ya tarar da Auta a ɗakin tana naɗe shimfiɗa. Suka zauna a bakin gadon da ba katifa. Can ta ce, ko ba komai ya tafi da zuciya fari, ya yafe, ta ji da kunnenta.

Yaya ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ya yafe mini abin da ban yi ba, Auta. Wanda na yi, bai san da shi ba."

Ta tashi ta raka shi har ƙofar gida, ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana.